Tulun da Moutari Ya Fasa

Shekara talatin da biyu Moutari ya yi yana tuƙa motar haƙa ƙasa a Faransa, goma sha huɗu daga ciki yana yi wa masu tonon kayan tarihi aiki. Mutumin Damagaram ne, dogo, marar yawan magana, furfura ta riga ta cinye masa gemu. Duk inda za a yi babban gini kuma ake zaton akwai kufai a ƙarƙashi, sai masu bincike sun fara dubawa, su kuwa ba sa iya fara komai sai an kware musu ƙasar sama. Wannan shi ne aikinsa. Bokitin motarsa ba shi da haƙora. Da shi yake kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, kaurin yatsa biyu, mai bincike na tsaye a gefen bokitin yana kallon yadda launin ƙasar ke sauyawa. In ya ga wani abu sai ya ɗaga hannu, mota ta tsaya cak. Shugabannin aiki da yawa a yankin Lyon da sunansa suke neman sa, don sun ce hannunsa na jin abin da ido bai kai ga gani ba.

A unguwar Minguettes da ke gefen Lyon yake zaune, hawa na goma sha ɗaya, ɗaki uku da falo, shi kaɗai. Matarsa Bintu ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Yarsu guda, Afra, tana Paris. Abokinsa Ɗan Juma, wanda suke shan shayi tare duk Lahadi, ya yi ritaya ya koma Maraɗi. Tun daga nan mako kan zo ya wuce Moutari bai furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, in ban da abin da yake gaya wa kansa a kicin.

A watan Satumba aka tura shi wani fili a kan tudu arewa da Lyon, gaba da Rillieux kaɗan, inda za a gina ɗakunan ajiyar kaya. Ranar farko, lokacin hutun rana, yana zaune a kan matakalar motarsa yana cin burodi da kifin gwangwani, sai ya ji muryar mace a bayan kwantena tana cewa, “Mama, na ce miki na ci abinci. Wallahi na ci.”

Ya ajiye burodin. Da ta fito, ya ga matashiyar nan ce da aka ce ita za ta riƙa tsayawa a gaban motarsa, gajeriya, da gilashi da hular kwano da ta yi mata yawa.

“Sannu da aiki, 'yata,” ya ce.

Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta fashe da dariya. Sunanta Naomi, 'yar Jos ce, ta yi digirinta na uku a kan kuɗaɗen Rumawa. Shekara biyar tana ƙasar, ta ce, ba ta taɓa haɗuwa da mai jin Hausa a wurin aiki ba.

Daga ranar tare suke cin abincin rana. Tana ce masa Baba, yana ce mata Dakta in yana son tsokanarta. Tana yi masa dariya in ya jefo Faransanci ya ce shantiye ko randebu, shi ma yana yi mata in ta jefo Turanci ta ce za ta shiga mitin. Ita ce ta gaya masa abin da shekara goma sha huɗu ba wanda ya zauna ya gaya masa dalla-dalla: cewa Lyon a zamanin Rumawa ita ce babban birnin lardin, har gidan buga kuɗi gare ta, kuma kusan shekara dubu ɗaya da ɗari takwas da suka wuce wasu manyan sojoji biyu sun gwabza yaƙin neman sarautar Rum a kusa da garin. Wasu masana na cewa a kan wannan tudun ne, wasu na musu. Wanda ya ci nasara ya bar sojojinsa suka washe birnin.

Akwai abin da Moutari bai gaya mata ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Tun bazara idonsa na hagu ya fara yin hazo-hazo, kamar mai leƙa tukunya tana tafasa. In rana ta haske shi ta wannan gefen, komai sai ya koma fari. Ya koyi karkatar da kai yana kallo da na dama, yana gaya wa kansa gajiya ce.

Wata Alhamis a ƙarshen Oktoba, wajen ƙarfe huɗu na yamma, suna kankare gefen wani tsohon harsashin gini. Rana ta yi ƙasa, tana dukan gilashin motar ta hagu, inda Naomi take tsaye. Moutari ya ja bokitin sau ɗaya, ya sake ja. A karo na uku ya ji wani ɗan ƙwas ya biyo ƙarfen ya shigo tafin hannunsa. Ya saki sandar tuƙin nan take, ya kashe inji.

Da ya sauko, ya tarar da Naomi a durƙushe. A gabanta ga wuyan wani tulun ƙasa, bokitin ya fille masa kafaɗa ɗaya. Ta wurin fashewar wasu abubuwa zagaye sun zubo, baƙi-baƙi da kore-kore, manne da juna kamar ƙanzo. Ta ɗauki ƙaramin buroshi ta share ɗaya.

“Azurfa ce, Baba,” ta ce a hankali. “Cike yake har wuya.”

Shugabar aikin, Madam Perrin, ta zo da sauri, sauran ma'aikata na biye da ita. Ta duba fashewar ta ce ba komai, irin haka na faruwa, tulun ya yi kusa da sama sosai. Har ta dafa kafaɗar Moutari ta ce da wani direban ne da ya kwashe rabinsa. Sannan ta tara kowa ta yi gargaɗi: babu ɗaukar hoto, babu gaya wa kowa, ko miji ko mata ko uwa, sai an cire tulun daga ƙasa. In labari ya fita, ɓarayi masu na'urar neman ƙarfe za su rugurguza filin kafin Litinin. Matasan suka yi ta gunaguni. Ɗaya ya ce budurwarsa za ta kashe shi in ta ji daga baya.

A cikin taragon lantarki da ke hawa Minguettes, Moutari ya riƙa tuna wannan gargaɗin. Ya bi sunayen da ke cikin wayarsa ɗaya bayan ɗaya, a zuci, yana neman wanda zai sha wahalar ɓoye wa. Bai samu ba. Ya isa gida, ya yi magariba, ya ɗumama shinkafar jiya, ya ci a tsaye.

Washegari aka yini ana tone gefen tulun da ƙananan cokula, har ya tsaya shi kaɗai a kan ɗan ginshiƙin ƙasa. Ba za a buɗe shi a nan ba. Aka naɗe shi da leda, aka bi da bandeji mai farar ƙasa irin na ɗaurin karaya, don a ɗauke shi ɗungurungum zuwa ɗakin bincike a Paris. Da rana Naomi ta zo ta zauna kusa da Moutari a kan matakalar motar.

“Wa ya binne shi?” ya tambaye ta.

“Wani mai gida, ina jin. Nan gona ce a da. Ya ji sojoji na zuwa, ya tattara abin da ya mallaka ya tona rami a bayan ɗaki.”

“Ya manta wurin ke nan.”

“Mutum ba ya manta irin wannan, Baba. Waɗanda suka dawo sun tone abinsu. Mu na waɗanda ba su dawo ba muke samu.”

Ya kalli farin ƙunshin a cikin ramin. Ita kuma ta cire gilashinta tana gogewa da bakin riga, ta daɗe tana gogewa.

“Baba, zan faɗi wata magana, kada ka ji haushi. Jiya na ga bakin tulun tun a ja na biyu. Na ɗaga hannu. Na sake ɗagawa, har na yi tsalle. Bokitin ya wuce ta nan.” Ta nuna tazarar da ba ta kai kamu biyu ba daga gwiwarta. “Kana kallon inda nake, amma ba ka gan ni ba.”

Moutari ya ce rana ce ta haske shi.

“Na ga yadda kake karkatar da kai tun watan jiya. Haka mahaifina ya riƙa yi kafin a yi masa aikin yanar ido. Ban gaya wa Madam ba, kuma ba zan gaya mata ba. Amma ranar Litinin ba zan tsaya kusa da motar nan ba, kuma ban san abin da zan ce in an sa wani ya tsaya ba.”

Ya rufe kwanon abincinsa ya hau mota, duk da babu abin da zai yi a ciki. Har aka tashi bai sake yi mata magana ba.

Asabar da Lahadi ya yi su yana jin haushinta. Yarinyar da ya haifi kamarta, ita ce za ta gaya masa ya tsufa. Ya je masallacin unguwa ya yi azahar a tsakanin Larabawa da 'yan Komoro, aka gaisa aka watse. Da ya dawo, ya tsaya a bakin taga ya rufe idon dama da tafin hannu. Benen da ke fuskantarsa, mai hawa goma sha biyar, ya koma wata inuwa mai toka-toka. Ya daɗe a haka. Abin da ya riƙa dawo masa shi ne tazarar nan da ta nuna daga gwiwarta.

Ranar Litinin da safe, kafin a tada inji, ya shiga kwantenar Madam Perrin ya gaya mata komai. Ta saurare shi ba ta katse shi ba. Ta ce ta gode da ya faɗa, ta ce kuma ba zai hau motar ba sai likita ya yarda. Kafin ƙarfe goma an aiko wani direba. Moutari ya kwashe kofinsa da dardumarsa daga bayan kujera. Naomi ta biyo shi har bakin ƙofar fili.

“Ka yafe mini, Baba.”

“Ba ki yi laifi ba,” ya ce, bai dube ta ba. “Je ki, suna jiran ki.”

Likitan ido ya ce yanar ido ce, a ido biyun duka, amma ta hagu ta fi nuna. Aikin minti ashirin ne, a yi da safe a sallame shi da rana. Aka ba shi ranar sha huɗu ga Janairu. Sakatariyar ta miƙo masa takardu, ta sa alƙalami a kan wani layi.

“Nan za ka rubuta sunan wanda zai zo ya tafi da kai gida, ya kuma kwana tare da kai ranar. Da lambar wayarsa.”

“Zan iya hawa tasi.”

“Ba ma sallamar mutum shi kaɗai, Malam. In babu suna, babu aiki.”

Ya ninke takardar ya sa a aljihun kwat. Mako biyar tana nan. Ya yi tunanin maƙwabcinsa, wani tsoho ɗan Portugal da suke gaisawa a lif, amma ko sunansa na farko bai sani ba. Ya yi tunanin limamin unguwa, sai ya ji nauyin a ce mutum mai 'ya a ƙasar nan ya zo yana roƙon wanda zai kwana da shi.

Tsakaninsa da Afra ba faɗa ba ne irin na ɗaga murya. Lokacin da Bintu ta rasu, 'yan'uwanta a Damagaram suka yi ta waya a kawo ta gida a binne kusa da iyayenta. Moutari ya amince a daren farko, bai shawarci kowa ba. Afra, wadda aka haifa a Vénissieux, nan gefen Lyon, kuma sau biyu kawai ta taɓa zuwa Nijar, tana da shekara ashirin da uku a lokacin. Sai a wurin masu wankan gawa ta ji cewa jirgi za a sa uwarta. Ta bi uban da gawar har Damagaram, aka yi jana'iza, suka dawo. A filin jirgin Lyon ta ce masa, “Ka kai mini uwa inda ba zan iya zuwa wurinta ba.” Bayan wata biyu ta sami aiki a wani kantin magani a Paris ta tafi. Tun daga nan sai gaisuwar sallah a waya, minti biyu ko uku, rabi da Faransanci.

A tsakiyar Disamba Naomi ta kira shi. An gama aikin filin tuni, ita kuma tana Paris tare da tulun. Bayan sun gaisa, ta tambayi ido, ya ce da sauƙi.

“Mun fara buɗe shi, Baba. Na nemi izini ka zo ka gani. Kai ka same shi.”

“Ni na fasa shi dai.”

“To zo ka ga ɓarnar da ka yi.”

Ya hau jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai daga tashar Part-Dieu, cikin kwat ɗinsa na zuwa biki. Ɗakin binciken a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, sai fitilu farare da sanyin na'ura. Tulun na kan tebur a cikin kwandon yashi, an yanke bandejin daga sama. Ya fi ƙanƙanta a kan yadda yake tunawa. Naomi, cikin farar riga, ta nuna masa hoton cikinsa a kan allo, wanda aka ɗauka kafin a taɓa komai. Ta ce kuɗin ba zuba su aka yi kawai ba, a ƙunshe suke kashi-kashi, har an ga sauran zaren tsumman da aka ɗaure su da shi. A tsakiya kuma akwai abin da ba kuɗi ba. Ta jawo wani faranti: 'yan kunne biyu na zinariya, cokalin azurfa da bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda yawan amfani, da wani zobe ƙarami wanda ko ɗan yatsan Moutari na ƙarshe ba zai shiga ba.

“Na yarinya ne,” in ji Naomi. “Ba ta wuce shekara shida ko bakwai ba.”

“Yaya kuke sanin lokacin da aka binne?”

“Da kuɗin da ya fi sabunta. Ba za ka binne abin da ba a buga ba tukuna. Mafi sabo da muka gani zuwa yanzu, shekara ɗaya kafin yaƙin nan aka buga shi. Ko gogewa bai yi ba.”

Ta sa masa safar hannu, ta ɗora masa kuɗin guda a tafi. Bai kai nauyin da ya zata ba. Ya matso da shi kusa da idon dama, ya nisanta, ya karkata shi wajen fitila.

“Me kake gani?”

“Fari-fari kawai.”

“Kan mace ne, matar sarki. Tana kallon dama. An yi mata kitso kwance-kwance, an tattara shi a ƙeya.”

Ya shafa da babban yatsa, ya ji tudun kitson ta cikin safar. A wani tebur ta nuna masa gutsattsarin kafaɗar tulun, an jera su ana shirin mannewa. Bakin fashewar ja ne sabo, sauran jikin kuwa baƙi. Duk sun tsince su, ta ce, saura ɗaya.

Da suka fito shan kofi, hannunsa na cikin aljihu a kan takardar asibiti. Tun a jirgi yake shirya yadda zai roƙe ta ta sa sunanta a ciki: kwana ɗaya ne kawai, akwai ɗaki da gado, zai sayi tikitin. Kafin ya buɗe baki ta ce tana da labari. Ta sami aikin koyarwa a wata jami'a a arewacin Ingila. Biyar ga Janairu za ta tashi.

Ya zare hannunsa daga aljihu. Ya yi mata murna, ya sa mata albarka, da gaske kuma yake yi. Ta ce za ta riƙa kira. Ya ce to.

“Baba, ka ce 'yarka na garin nan. Ta san ka zo?”

“Tana aiki.”

“Masu aiki ma suna cin abincin rana. Kuma yanzu tulun ya fita daga ƙasa, kana iya ba iyalinka labari.”

Ya san sunan kantin maganin, bai taɓa zuwa ba. Ya sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Barbès ya shiga unguwar Goutte d'Or, cikin masu sayar da atamfa da busasshen kifi da shagunan aika kuɗi. Sau biyu ya ji Hausa ta wuce shi a bakin wasu, bai juya ba. Ya sami kantin a wata kwana, ya tsaya a tsallaken titi kusa da mai gasa masara. Ta gilashi yana ganin fararen riguna uku suna kai da kawowa, bai iya bambance wace ce tasa ba. Ya fi awa ɗaya a wurin, sanyi na shiga takalminsa. Wajen ƙarfe ɗaya wata ta fito tana naɗa gyale a wuya, ta yi taku uku, ta tsaya.

“Baba? Me ya faru? Wa ya rasu?”

“Ba kowa. Aiki ya kawo ni.”

Ta kai shi wani ƙaramin gidan abinci na 'yan Senegal. Minti arba'in gare ta, ta ce. Ta rame kaɗan, kuma yadda take riƙe cokali irin na uwarta ne sak. Suka gaisa kamar baƙi: aiki, sanyi, lafiya lau. Da gaisuwar ta ƙare ba abin da ya biyo baya, sai ya fara ba ta labarin tulun, don ba shi da wani abin faɗa. Bai taɓa ba kowa labarin ba, sai ya ji yana fitowa da tsawo, da filin, da yaƙin, da cokalin da ya cinye, da zoben yarinyar. Afra ta daina cin abinci tana saurare. Da Hausarta mai ɗingishi ta tambaya ko an sami ƙasusuwan mutanen gidan. Ya ce a'a, ba a sami kowa ba.

“Amma me ya sa kake Paris ranar Talata? Ba ka aiki?”

Ya fito da takardar, wadda ta riga ta yi laushi a wurin ninkin, ya ajiye kusa da farantinta. Ta karanta daga sama har ƙasa, irin karatun wanda ya saba da takardun likita.

“Tun yaushe?”

“Tun bazara.”

“Kana tuƙa wannan ƙatuwar motar da ido ɗaya tun bazara.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta duba ranar da aka ba shi takardar. “Wannan kuma mako biyar tana hannunka. Da ba don tulun ba, da ba ka zo ba.”

“Ban san ko za ki so ba.”

“Ba ka taɓa sanin abin da nake so ba, Baba, don ba ka tambaya. Ko a kan Mama ba ka tambaye ni ba. A bakin wata mata da ban sani ba na ji.”

Ya kalli hannuwansa a kan tebur. Shekara shida yana da amsoshi a shirye: 'yan'uwanta ne suka matsa, haka aka saba, ita ma Bintu da haka za ta so. Ya ga babu wanda zai iya faɗa a wannan teburin.

“Ban tambaye ki ba,” ya ce. “Ya kamata in tambaya.”

Afra ta ciro alƙalami daga aljihun farar rigarta ta cike layin, suna da lamba, ta tura masa takardar.

“Wannan daban, maganar Mama daban,” ta ce. “Ba ta wuce ba.”

“Na sani.”

Ta duba agogo, ta miƙe, ta gyara masa wuyan kwat da ya lanƙwashe, ta koma aiki.

Ranar sha huɗu ga Janairu Afra ta iso da jirgin ƙasa na farko. Aka yi aikin kafin sha ɗaya, aka rufe masa idon da wani ɗan kwano na roba, ta riƙe masa hannu har cikin tasi. Rabonta da gidan shekara shida. Ta tsaya a falo da jakarta a kafaɗa tana kallon labulen da uwarta ta ɗinka, da kwanonin da ke jere a kabad yadda aka bar su. Ta shiga tsohon ɗakinta ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ta dafa masa miyar kuɓewa, ta yi ruwa da yawa, ya ci kwano biyu. Ba su yi wata doguwar hira ba. Ta tambaye shi inda ake ajiye gishiri, ya tambaye ta ko ɗakinta na Paris na da ɗumi.

Da safe ta cire masa kwanon robar, ta ɗiga masa magani, ta ce ya rufe idon minti biyu. Ta rubuta lokutan ɗigawa da manyan baƙaƙe ta manna a jikin firji. Likita ya ce idon dama sai Maris, kuma in komai ya tafi daidai zai iya komawa kan mota kafin bazara.

“Maris ɗin, wace rana?” ta tambaya tana sa takalmi.

“Ba su faɗa ba tukuna.”

“In sun faɗa ka kira ni a ranar, kada ka ajiye a aljihu. Zan duba ko za a ba ni hutu.”

Ya raka ta bakin lif. Da ƙofar ta rufe ya dawo ciki, gidan ya koma shiru kamar kullum. Ya tsaya a tsakiyar falo yana buɗe idon a hankali. Hasken ya yi masa yawa da farko, hawaye na zuba. Sannan abubuwa suka fara fitowa da bakinsu. Bangon da yake zaton fari ne ashe ya yi rawaya. Akwai yanar gizo a kusurwar silin. Gilashin taga kuwa ya yi dauɗa har ya yi mamakin yadda haske ke shigowa ta cikinsa. Can ƙasa ya hango wata mace mai jan gyale tana tsallaka fili wajen tashar tarago, jaka a kafaɗa, tana sauri. Ya bi ta da ido har tarago ya zo ya ɗauke ta.

An hana shi sunkuyawa da ɗaukar abu mai nauyi har mako guda. Ya ɗebo ruwa rabin roba, ya ɗora a kan kujera don kada ya duƙa, ya samo tsumma, ya fara wanke tagar daga sama.